Hoton Gwajin Fitila

Litinin, 7 ga Yuli

Na haɗiye ƙwayar maganin. 'Yar ƙarama, fara, ko ƙwayar shinkafa ta fi ta cika ido. Na zauna a bakin gado ina jiran in ji wani abu ya motsa a cikina. Shiru.

Likita ta ce ciwon damuwa ne, kuma in riƙa rubuta yadda nake ji. To ga shi na rubuta: ba na jin komai. Ai shi ne ciwon.

Laraba, 9 ga Yuli

Tashin zuciya, baki a bushe, ga hamma kamar an aiko ni da ita. Wani mutum ya zo hoton fasfo, na yi masa hamma uku kafin in danna kyamara. Ya ce, "In na dame ki ne in je wani shagon." Na ba shi haƙuri da wata hammar.

Asabar, 12 ga Yuli

Bari in rubuta bayanin likita kafin ya zube. Wai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, kuma wadda ta aika takan janye shi da wuri. Maganin yana sa ya ɗan daɗe a tsakani. Na ce, kamar a bar idon kyamara a buɗe haske ya samu shiga? Ta yi dariya ta ce kusan haka, amma kar in ɗauka su ma sun gama sanin komai. Sati huɗu zuwa shida kafin a ga amfani, wani ma sai an canza masa wani. Kar in daina da kaina. Sannan ta ce, "Sau da yawa mutane ne za su riga ki gani."

Wane mutane? Ni ke kallon mutane, ba su ke kallona ba. Shekara goma sha ɗaya ina bayan kyamara a shagon da Baba ya bar mini.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yaya ta kawo Barkono. 'Yata, shekara bakwai, bakinta ne ya jawo mata sunan. Yau kuwa barkonon ya huce, ta gaishe ni a tsaye kamar malamar makaranta.

Wata uku ke nan tana gidan Yaya. Tun ranar da na kwanta da safe na kasa tashi, ina kallon rufin ɗaki, ina jin lokacin tashi daga makaranta yana zuwa, yana wucewa. Na san tana bakin ƙofa tana jira. Na sani sarai, jikina ne ya ƙi. Sai da yamma mai gadin makarantar ya kira Yaya. Wannan kunyar ban san inda zan ajiye ta ba.

Yaya ta ce ƙarshen Agusta ake rufe karɓar fom a makarantar unguwarsu. "Ni fa ba ƙwace miki 'ya na yi ba. In kin warware ta dawo tsohuwar makarantarta. In ba haka ba in sa ta can, shi ke nan." Kuma gaskiya ta faɗa.

Talata, 15 ga Yuli

Mafarki. An ce maganin yana kawo shi, amma ba a ce mai launi ba ne haka. Farin ƙyallen da nake ratayawa a bayan masu hoto ya zama kogi, mutanen da na taɓa ɗauka suna wucewa a kai, kai da kafaɗa kawai, kowa da fuskar fasfo. Baba na bakin ruwa yana cewa su ɗaga haɓa. Na farka ina jin warin tawadar injin buga hoto.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na yi wanka. Na rubuta ne don ba ƙaramin abu ba ne.

Litinin, 21 ga Yuli

Al'adar Baba ce kowace safiya kafin a buɗe ƙofa a gwada fitila. Da ni yake zaunarwa a kujera. Yanzu nakan saita kyamara ta ƙirga goma, in zagaya in zauna, ta ɗauka. Inuwar bayan kunne kawai nake dubawa, da ko ƙyallen ya fito fari. Fuskar ba ruwana da ita. Ba na ma goge hotunan, ƙiwa ta hana, suna nan jibge a kwamfuta.

Mai agogo na shagon kusa ya leƙo. Tsoho ne, abokin Baba, har yau 'yar mai hoto yake ce mini. Ya ga kwalin maganin a kan tebur bai tambaya ba, sai cewa ya yi, "Ƙarfe nawa?" Na ce takwas. Jim kaɗan ya dawo da wani tsohon agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, wai mai shi bai dawo ɗauka ba tun ina goyo. Ƙararsa ta isa ta tada unguwa.

Juma'a, 25 ga Yuli

Nauyin da ke ƙirjina ya ragu, ko dai ya matsa gefe. Amma komai ya yi nisa, kamar ina kallon titi ta gilashin shago. Wata amarya ta zo da ƙawayenta suna ta shewa, na ga kyau ne, na san kyau ne, bai taɓa ni ba. Barkono ta kira a waya ta ce haƙorinta ya fita. Na ce madalla. Madalla! Uwa ke nan.

In wannan ne lafiyar, ban san me zan ba yarinyar ba in ta dawo.

Talata, 29 ga Yuli

Agogo ya yi ƙara na kashe shi. Ban sha ba. So nake in ji ko ina nan a ƙarƙashi.

Alhamis, 31 ga Yuli

Kwana uku. Jiri. In na juya ido sai wani abu ya yi tsal a kaina kamar fitila ta haska a cikin ƙoƙon kai. Na yanka hoton wani ɗalibi na tafi da rabin kunnensa. Na yi kuka a bayan ƙyalle, ba kuma irin kukan da nake nema ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Na koma wurin likita kamar ɓarauniya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce jiki ya fara sabawa, shi ya sa ba a yanke shi lokaci ɗaya. Zancen gilashin kuma ta rubuta shi, ta ce wasu yana wuce musu, in bai wuce ba za a gyara yawan maganin ko a sauya. "Amma ki zo ki faɗa mini, kar ki yi shawara da rufin ɗaki." Ashe na taɓa ba ta labarin rufin.

Na koma sha.

Laraba, 6 ga Agusta

Ruwa ya sauka da rana. Ba kowa a shago. Na tsaya ina kallon yadda yake gangarowa a jikin gilashi har na manta da shayin da na haɗa.

Talata, 12 ga Agusta

Mai agogo ya ce kwana biyu yana jin waƙa ta bango. Na ce rediyon mai aski ne. Ya ce, "Rediyon mai aski ba ya ɓata baiti haka." Tsohon nan ya fara ruɗewa.

Asabar, 16 ga Agusta

Na ji haushi yau, haushi na gaske. Wata mata ta ce in rage mata kumatu a hoton fasfo, na ce Hajiya da waɗannan kumatun za ki je wurin jami'in, ko a gida za ki bar su? Ta fita tana mita. Bayan ta tafi na lura har yanzu ina huci. Rabon da wani ya isa ya ɓata mini rai har na manta.

Da yamma kuma abin ya dawo, na kwanta da takalmi a ƙafa. Ba layi ɗaya yake bi ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Yaya ta zo da Barkono da fom ɗin makarantar unguwarsu. Hoto huɗu ake so a manna. Wato ni zan ɗauki hoton da za a raba ni da ita. Yaya ta kasa haɗa ido da ni, ta ce bari ta je mai agogo ya duba mata agogonta, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ina gyara fitila, Barkono ta haye kujerar kwamfuta. Ban san ta buɗe hotunan gwaji ba sai da na ji tana danna maɓalli da sauri, ɗaya bayan ɗaya, tun daga watan Maris. Na zo na tsaya a bayanta. Mace ɗaya, kujera ɗaya, ɗankwali kawai ke sauyawa.

"Nan ba kya nan," in ji ta. Ta danna. "Nan ma ba kya nan. Nan ma." Ta wuce Mayu, ta wuce Yuni, ta wuce Yuli. Can cikin Agusta ta dakata, ta kai hanci kusa da allo. "Nan kin leƙo."

Na duba. Wallahi ni ban ga bambanci ba, sai dai kamar matar tana kallon kyamarar maimakon bayanta.

Da na zaunar da ita na ce kar ta yi murmushi, ba a so a fasfo. Ta haɗe rai, giɓin haƙorin ya leƙo, sai na ji dariya ta ƙwace mini. Ita ma ta fashe. Sau tara muna ɓata hoto. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

Ta karɓi hotunan ta sa a jaka. Fom ɗin kuma ta manta shi a kan tebur. Yaya ba ta mantuwa.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na kira ta na ce kin bar takarda. Ta ce, "Ki ajiye, akwai sauran sati." Sai kuma ta tambaya ko tsofaffin kayan makarantar Barkono suna nan, don ta ƙara tsayi, sai an sake kalmasa.

Tsoro nake ji. In na sake kasa tashi fa? Na faɗa wa Yaya haka. Ta ce, "Sai ki kira ni tun da safe, ba mai gadi ya kira ni da yamma ba."

Litinin, 1 ga Satumba

Ba wani abu. Na sha da ƙarfe takwas. Baki har yanzu yana bushewa, likita ta ce akwai watanni a gaba, ban ce na warke ba.

Na kai wa mai agogo agogonsa, na tambaya ko za a iya sa shi ya yi ƙara sau biyu, takwas da kuma ɗaya da rabi, lokacin tashi daga makaranta. Ya ce irin wannan sau ɗaya yake yi. Ya ce in bar shi a kan takwas, ɗaya da rabi shi zai buga mini bango.

Hoton gwajin yau bai yi ba, ya fito dishi-dishi. Kyamara na cikin ƙirga na tuna ban sa wa Barkono ruwa a jakar makaranta ba, na miƙe. Kujera ce kawai da gefen mayafina.

Ban goge shi ba.