Dashen Tuffa a Cikin Guga

Litinin, 4 ga Mayu, 1635
Mun bar Plymouth. Ɗana Amos ya ce, "Inna, ki bar gugan nan, Sabuwar Ingila ba ta rasa itace ba." Na ce itacen can ubansa ne ya dasa? Dashe uku na ɗauko a cikinsa daga tuffar marigayi mijina Josiah. Kabarinsa ba ya ɗaukuwa, wannan kuwa zan ɗauka.

Litinin, 1 ga Yuni
Ƙasan jirgi wari, amai, kuka. Dashe biyu sun mutu, gishirin teku ya cinye su. Saura ɗaya, ganye biyar.

Laraba, 10 ga Yuni
Iska ta ɗauke kwana shida ke nan. Zannuwan jirgi sun yi laƙwas. An buɗe gangunan ruwa, rabi ya ruɓe. Kyaftin ya yanke: moɗa biyu kowane mutum a yini, kuma wanda aka kama yana ba dabba ko shuka, abin nasa teku za a jefa. Na tura gugan bayan akwatina, na rufa masa mayafi.

Asabar, 13 ga Yuni
Moɗa ɗaya ni, ɗaya dashen. Rabona ne ai, ban taɓa na kowa ba.

Lahadi, 14 ga Yuni
Keziah, matar Amos, nononta ya fara janyewa. Jaririyarsu ta tsotsa ta saki, ta tsotsa ta saki. Tun farko na ce matar nan tasa ba ta da jikin tafiya, wa ya saurare ni? Amos yana ba ta nasa ruwan, leɓensa duk ya tsattsage.

Talata, 16 ga Yuni
Keziah ta gan ni. Ina tsiyaya ruwan sai na ɗago, ga idonta a kaina. In ta faɗa wa matuƙa kalma ɗaya, shi ke nan. Sai ta ce, "Inna, ya yi sabon ganye?" Ta gyara mayafin da kanta.
Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 18 ga Yuni
Jaririyar ta daina kuka. Buɗe baki kawai take yi. Da hantsi aka ɗinke gawar ɗan maƙwabtanmu cikin tsumman jirgi aka sake ta a ruwa. Keziah ba ta kalla ba, ni na kalla. Tsoro nake ji, Ubangiji, tsoro.

Lahadi, 21 ga Yuni
Har yanzu ba iska. Kwana uku ba na jin ƙishirwa sosai, tsufa ne, shi ya sa nake miƙa wa Keziah duka biyun. Kar ta ɗauka wani abu ne.
Da rana 'yar ta yi kuka, mai ƙarfi, har wani ya yi tsaki. Hancin Josiah gare ta, sai yau na lura.
Amos ya tambayi gugan. Na ce ya juye ƙasar, Keziah na neman abin jiƙa tsummokara.