Mama da Motar Litinin

Husum, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Hauke,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Maren da yara. Allah ya ƙara wa Maren sauƙin ciwon bayan nan, ya sa sanyin Kanada ya zo muku da dama bana. Mu nan lafiya lau. Iskar teku ta fara halinta, har ta yaye wa Kawu Momme rufin rumfar tumaki, amma shi da tumakin ba abin da ya same su.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, don maganar da nauyi a bakina. Ka tuna shawarar da muka yanke ni da kai a watan Agusta, cewa lokaci ya yi da Mama za ta ajiye makullin mota, ta bar gidan ƙauye ta dawo kusa da ni? To, mun yi kuskure, kuma ni na fi ka laifi tunda ni ce a kusa.

Ka san sabuwar motar da ta saya bayan rasuwar Baba sau uku tana mutuwa da ita a tsakiyar hanya, fitilu su yi ta ƙyaftawa, sitiyari ya ƙage. Kowane karo takan kai ta wurin Sönke Nissen, dillalin da ya sayar mata, wanda ta koyar tun yana aji ɗaya. Takan tafi masa da kek ɗin tuffa, shi kuma ya ce haba Malama, tsakaninmu ai ba sai da takarda ba. Motar ta kwana biyu a garejinsa, a dawo da ita a ce kwamfuta ba ta ga komai ba. A karo na uku ne ya ja ni gefe, cikin ladabi, ya ce motocin zamani maɓallai sun yi musu yawa, mai shekara saba'in da huɗu kuwa hannu yakan kuskure. Na yarda da shi nan take. Har na je na sa sunanta a jerin masu jiran ɗaki a gidajen tsofaffi na bayan coci, ban gaya mata ba. Ido wa ka raina, in ji masu magana, wanda nake gani yau da gobe.

Ashe labari ya kai mata, ka san ƙauyenmu. Sai wata ranar Lahadi bayan mun sha kofi ta ce gwiwarta na damunta, kujerar motata ta fi tudu, ko za mu yi musaya na mako biyu. Na ba ta da murna, ina cewa a raina ga shi da kanta ta fara sarewa. Kwana tara motar na hannuna. Ran na goma ta mutu mini murus a shataletalen bakin tashar jirgin ruwa, babbar motar kifi na bayana tana danna ham, sitiyari ya ƙi motsi kamar an kafe shi da ƙusa. Hauke, a nan na maƙale har janwe ya zo ya ja motar. Sau uku Mama ta shiga wannan tashin hankalin ita kaɗai, mu kuma sakayyar da muka yi mata ita ce shirin ƙwace mata makulli.

Da na kira ta, sai da ta tabbatar ban ji ciwo ba, ta kuma ba ni haƙuri, ta ce ba ta zaci abin zai same ni cikin cunkoso ba. Sannan ta ce in karɓi takarda wurin mai janwe, in zo gida da biro. Ta zaunar da ni a teburin kicin, ta sa na rubuta rana da lokaci da duk abin da ya faru, har da gyara mini waƙafi. A nan na ji cewa tun kafin musayar ta hau bas zuwa Flensburg, ofishin da ke ba masu sayen kaya shawara. Wata lauya ta bayyana mata cewa shekara biyu mai sayarwa ke ɗauke da alhakin aibin kaya, kuma a shekarar farko shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya ya ba da motar, ba ita ba. In an gwada gyara har sau biyu abin bai yi ba, tana da ikon mayar masa da kayarsa. Matsalar ita ce kek ɗin nan da zumunci sun hana ta samun ko takarda ɗaya. Lauyar ta ce ta nemo shaida. Ni ce shaidar.

Ta aika wa Sönke wasiƙar rajista da wa'adin kwana goma sha huɗu. Ranar da wa'adin ya cika muka tafi tare, ba kek. Ya taso da fara'arsa yana Malama, Malama. Shekara arba'in tana kiransa Sönke, tana ce masa kai. Ranar sai ta tsaya a gaban teburinsa ta ce: “Malam Nissen, na zo ne a matsayin wadda ta sayi mota a wurinku. Ku gaya wa 'yata wane maɓalli ta danna ba daidai ba, ita shekararta arba'in da shida.”

Da ka ga yadda kunnuwansa suka yi ja don kunya. Ya yi ta juya takardun da muka kawo, ya kira babban makanikinsa, wani dattijo mai ƙarancin magana. Shi kuwa ya share hannu ya ce tun zuwan farko ya faɗa, wannan motar Litinin ce, irin wadda aka harhaɗa ma'aikata ba su gama wartsakewa daga hutun mako ba, gyara ba ya kama ta. Sönke dai ɗan halak ne, bai ja maganar ba. Ya karɓi motar, aka mayar mata da kuɗinta, aka cire ɗan kuɗin tafiyar da ta riga ta yi da motar. Mama ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba, kuma da za mu fita ta tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba.

A hanyar gida na fara kame-kamen neman gafara. Ta ce in bari. Ta ce duk shekara tana zuwa likitan ido ba tare da wani ya aike ta ba, kuma ranar da ya ce ta daina tuƙi, da hannunta za ta kawo mini makullin. “Amma ku tambaye ni tukuna,” ta ce. “Ina nan da raina.”

Na je na cire sunanta daga jerin nan. Ta sayi wata motar, ja, a wurin Sönke ɗin dai, kuma komai a rubuce. Ta ce in sanar da kai ita za ta zo ɗaukarku a filin jirgin Hamburg lokacin Kirsimeti, kada ka kuskura ka sayi tikitin jirgin ƙasa. In ka shiga, ka zauna a gaba ka kama bakinka.

Ka gaishe mini da Maren, da Frerk da 'yar autarku Silje. Kawu Momme da Gwaggo Heilwig suna gaishe ku, haka ma maigidana Broder. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Telse