Kwabban Gonar Gotts da Idon Baba

Aylsham, Norfolk,
14 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Neville,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Moira da yara. Yaya gwiwar taka, an cire ɗinkin? Mu dai muna nan yadda ka sani. Ruwa bai ɗauke ba tun farkon wata, ɗakin baya ya koma yoyo, ciwon bayana kuma ya hana ni sakat. Gwaggo Beryl ta zame a banɗaki amma ba karaya, bakinta ma yana nan daram.

Maganar Baba ce ta zaunar da ni rubutu, don in ka kira waya yana gefena, ba dama in faɗa. Barry Gotts, maƙwabcinmu, ya bi gonarsa ta sha'ir da na'urar gano ƙarfe bayan huɗa, ya tono kwabban azurfa sittin da ɗaya, har da waɗanda aka datsa biyu. Irin waɗanda Baba ya ƙarar da rayuwarsa a kansu ne, masu gajeren gicciye a baya, dukansu sunan Sarki Henry ne a jiki ko da a zamanin Richard ko John aka buga su. Sai wanda ya san naɗin gashin sarki da ɗigon kambinsa da yankan haruffa zai iya cewa wannan na wane ne. Imogen, ma'aikaciyar gidan tarihi da ta koyi aikin daga katunan bayanan kwabbai da Baba ya rubuta, ta ce ba za ta rubuta rahoto ba sai ya gani, ta kuma kawo su da kanta.

Abin da ba ta sani ba, tun bazara Baba ba ya ganin abin da ya sa wa ido, sai gefe-gefe, likita kuma ya ce ba gyara. Wata shida ke nan ni ce idonsa. Ina karanta masa sunan maƙeri da garin da aka buga kwabo, harafi bayan harafi, shi yana yi mini faɗa wai ban san bambancin C da E ba. Ya hana ni gaya wa kowa, har kai.

Ranar da ta zo ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya zauna da gilashinsa mai ƙara girman abu, yana juya kowane kwabo yana shafawa da babban yatsa, yana jera su kashi-kashi. Barry ya ce shi a ganinsa duk sarakunan nan kamar an taka musu fuska da takalmin gona. Baba ya ce masa da ya fara duba madubi kafin ya yi wa sarki gori. Aka yi dariya, har na ɗan saki jiki. Amma da na dawo daga kicin da shayi, sai na ga Imogen tana ɗauke kwabo daga wannan layi zuwa wancan a hankali, tana jan shi da hira don kada ya lura. Ta yi masa godiya, ta ce ya rage mata aikin mako guda, ta tafi. Motarta na fita ya ce mini goma sha ɗaya ta gyara, ya ji ƙarar kowanne a kan tire. Ya ce yarinyar tana da tarbiyya, kuma ita ce da gaskiya. Ko abinci bai taɓa ba ranar.

Washegari ya sa na kulle kabad ɗin da yake ajiye kwabbansa, ya ce a kai wa gidan tarihi duka, har da katunan. Sai dai ya tuna ya taɓa yi maka alkawarinsa saboda ɗanka Angus, don haka ya ce sai da yardarka. Ni na yarda, ina roƙonka kai ma ka yarda. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na gaji. Tun ranar yini yake a kujera, fuska ga taga, ba uhm ba uhm-uhm. Ashe faɗan da yake yi mini ya fi sauƙi.

Kuma ka zo, kada ka jira Ista. Larabar da ta wuce mai duba mitar wuta ya tsaya a bakin ƙofa, dogo ne kamar kai. Baba ya miƙe tsaye ba sanda, ya kira sunanka, ya ce maza in ɗora ruwan shayi. Da mutumin ya yi magana, sai Baba ya lalubi kujera ya koma ya zauna. Can ya ce a ba bawan Allah shayin, tunda an riga an ɗora.

Ka gaishe mini da Moira, da Tess, da Angus. Gwaggo Beryl tana gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran hoton yaran. Baba bai san na rubuta ba.

Taka ƙanwa,
Gillian