Gyaran da Zai Raba Mu da Ɗakin Sallarmu

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Landan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ranka ya daɗe, na nemi ka ba ni dama a taron ƙungiya na unguwar Catford, aka ce lokaci ya ƙure. Na kira waya, aka ce in bari sai ka dawo daga tafiya. Shi ya sa na rubuto a fili, domin maganar ta shafi mutanen da ba su san abin da aka yi da sunansu ba.

Ga waɗanda ba su san wurin ba: 'yata Rabi tana aikin jinya a wani ƙaramin gari mai tsohuwar kasuwa, tafiyar jirgin ƙasa daga Landan, nakan je mata ƙarshen mako. Titin garin da duwatsu aka shimfiɗa shi, gidajen sun jingina da juna kamar tsofaffi a sahu, farin bango da baƙin katako, ga hasumiyar agogo a tsakiyar kasuwa. Musulmin da ke can 'yan gidaje kaɗan ne, likitoci da masu kula da tsofaffi, kuma ba su da masallaci. Ni na roƙi wata dattijuwa mai shagon zare ta ba mu hayar ɗakin saman shagonta, inda kakanninta suka riƙa ajiye ulu. Ni na sa hannu, ni ta miƙa wa mabuɗi. Sharaɗinta ɗaya: ginin yana cikin waɗanda dokar ƙasar ta kare saboda tarihi, ko ƙusa ba a kafawa sai da izinin majalisar garin.

Na ɗaya. Na faɗa maka wannan sharaɗi baki da baki ranar da ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗakin. Duk da haka, da aka ce babban malami zai zo daga gida ya ja Juma'a a can, ka tura ma'aikata daga unguwar Stratford ta Landan su yi "gyara", ba ka sanar da ni ba, ba ka sanar da mai gidan ba.

Na biyu. Ga abin da na tarar. Katakan rufin, waɗanda hayaƙi da shekaru suka baƙanta, an shafe su da koren fenti mai sheƙi. Bangon farar ƙasa an lulluɓe shi da siminti domin ya miƙe. Tagar da ke kallon kasuwa, mai ƙananan gilasai haɗe da darma, an cire ta an sa ta roba, wai tana shigo da sanyi kuma ta karkace. Haƙiƙa ta karkace. Masu yawon buɗe ido wannan karkatar suke tsayawa su ɗauka a hoto.

Na uku. Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Na san abin da kalmar gyara take nufi a wurinmu: idan baƙo mai daraja zai zo, a sabunta, a fente, a ɓoye tsufa. Amma ni da kai 'yan birnin Zazzau ne. Mun ga zauruka nawa na ƙasa da aka yi wa rigar siminti don girmamawa, danshi ya rasa hanyar fita, bayan 'yan damuna bangon ya ruɓe daga ciki ya zube. Bangon Turawan nan ma numfashi yake yi. Tuni wani baƙin tabo ya fito a kusurwar alƙibla.

Na huɗu, wanda ya fi damuna. Jami'ar majalisar garin ta zo ta duba, ta ce taɓa irin wannan gini ba izini laifi ne da kan kai mutum kotu, kuma mai gida da ɗan haya duka ana iya tuhumarsu. Ɗan hayan ni ne. Na yi shekara da shekaru a aikin jarida ina rubuta labarin waɗanda suka tsaya gaban alƙali, ban taɓa zaton zan shiga layinsu saboda fenti ba. Amma ko nawa mai sauƙi ne. Dattijuwar nan ita ce ta tsaya mana lokacin da wasu maƙwabta suka yi gunaguni, ita ta sa a kafa mana katakon ajiye takalma a ƙasan bene. Ranar da ta hau ta ga ɗakin ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon inda tagar take, sannan ta tambaye ni ko an fasa ta. A bakin tagar nan mahaifiyarta take zama tana saƙa. A lokacin ni ma ban sani ba. Idan ta karɓi mabuɗinta, azumi mai zuwa mutanenmu ba su da inda za su yi asham, kuma babu mai tsohon gini a garin da zai sake ba Musulmi haya.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka dakatar da ma'aikatan da na ji za ka sake turawa su kankare fentin da injin, domin za su ci katakon ne; a bar wa gwanin da majalisar ta amince da shi. Ka gaya wa 'yan ƙungiya gaskiyar abin da ya faru, ka daina cewa ƙyamar Musulunci ce ta sa ake bincikenmu. Wannan magana zalunci ce ga matar da ta buɗe mana ƙofa. Na ƙarshe: yanzu na tabbatar tagar ba ta fashe ba, tana jingine a garejin wanda ya cire ta, a Stratford. Ka sa a naɗe ta da bargo, ka shiga mota da kanka, mu je tare. Ni zan yi magana idan Turancin neman afuwa ya yi maka nauyi, amma hannunka nake so ta gani a jikin tagar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a, Ya sa mu idar da azumin bana a ɗakin nan.

Wassalam.

Habibu Ɗanlami,
Plumstead, Landan.