Adashin Benci

Ikara,
Janairu, 1985.

Zuwa ga taubashiyata Sabuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina baƙin cikin sanar da ke babban rashin da aka yi a gidan nan. Gwangwanin madarata na ƙarshe ya cika jiya da hantsi, bayan doguwar jinya. Na ƙwanƙwasa gindinsa, na zuba masa ruwan zafi na girgiza, amma kwana ya ƙare. Ya bar shayi maraya. Na je layin kayan masarufi neman magajinsa, soja ya daidaita mana sahu da bulala, da aka zo kaina aka ce saura sabulun wanki.

To, wannan ke nan. Ranar Laraba na haɗu da Gwaggo Azumi a kasuwar Makarfi, ta ja ni bayan tulin rake ta ce 'yarta ta samu taɓuwa. Wai tun da aka ba ki riƙon makarantar Unguwar Maiwada, kullum bayan asuba sai ki zauna a kan darduma ido rufe, ba carbi ba wuridi, kamar kaza a kan ƙwai. Da ta tambaye ki, wai kin ce numfashinki kike sauraro. Na ce ta kwantar da hankalinta. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu numfashi ne kaɗai ba a shiga layi a kansa, dole mai wayo ya lura da nasa kafin gwamnati ta ƙayyade masa farashi.

Amma ta kuma ce kina zancen ajiye muƙamin, wannan kuwa bai ba ni dariya ba. Na tsufa ina duba makarantun ƙasar nan kafin sojoji su sallame ni ta rediyo, ban taɓa ganin wanda aka ba kujera ya mayar ba. Ki rubuto ki gaya mini wa ya koya miki wannan sana'a ta zaman banza, kuma ko yana ɗaukar sababbin ɗalibai, don akuyata ma tana da baiwar.

Ki gaida maigidanki Malam Ahmadu.

Yayanki,
Uwaisu.

*

Unguwar Maiwada, ta Makarfi,
Janairu, 1985.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da uwargidanka Yaya Zulaihatu da yara. Allah ya ba ka haƙurin rashin gwangwani. Ban yi mamaki ba, don tun muna yara abu mai zaƙi ba ya kwana kusa da kai.

Yaya, ka san yadda na samu kujerar nan. An sallami hedimastanmu Malam Iliyasu tare da ku, aka duba aka ga na fi kowa daɗewa a makarantar, shi ke nan. Takardar malantata ƙarama ce, ita ma sai a zama na biyu na ci. Malam Sada da ke ƙarƙashina ya fi ni karatu, kuma ba ya bari in manta. Ko gaisuwa zai yi sai ya ce, "Ranki ya daɗe, mai riƙon ƙwarya." Har yau ban zauna a kujerar ofis ba, a gefen tebur nake raɓewa. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin makaranta sai gabana ya faɗi, in ce masinja ne daga Ikara ya zo ya ce kuskure aka yi. Ji nake kamar na ɗaura zanen aro na tafi biki, mai zanen kuma tana cikin taron tana kallona.

Judith ce ta koya mini zaman, malamar asibitin sha-ka-tafi ta garin nan, mutuniyar Zonkwa. Na je neman maganin faɗuwar gaba, ta buɗe mini kabad, ba komai sai bandeji da maganin tsutsar ciki. Ta ce ita ma da aka turo ta nan ita kaɗai, hannunta rawa yake in za ta yi allura. Abin da take yi shi ne ta zauna, ta bi iskar da ke shiga hancinta da wadda ke fita. In tunani ya zo, ba a kokawa da shi, ba a kuma binsa. A kira sunansa kawai, "ga tsoro ya zo," a koma kan numfashi. Ka yi dariya son ranka. Ni dai na lura muryar nan da ke ce mini ban cancanta ba zuwa take yi ta tafi, kamar mai talla a ƙofar gida, kuma ba dole in saya ba.

Ban ce na warke ba. Ga shi an aiko cewa Kantoma zai zagaya makarantu a wata mai kamawa, ɗalibanmu kuwa yawancinsu a kan buhunan taki suke zama. Malam Sada ya ce in shiga tsarin da aka saba, da na tambaye shi wane tsari sai ya yi murmushi ya fita. In abin ya fi ƙarfina, gara in ajiye da kaina da a kore ni a gaban yara.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Sabuwa.

*

Ikara,
Fabrairu, 1985.

Zuwa ga Shugabar Masu Numfashi ta Ƙasar Makarfi,

Ina gaisuwa, ina kuma fata iska na shiga tana fita yadda ya kamata. Na karanta takardarki sau biyu, na farko don in fahimta, na biyu don in tabbata ko Gwaggo ce ke da gaskiya.

Na taɓa karanta labarin wasu mutane can gabas da ke hawa dutse su shekara suna kallon cibiyarsu. Su dai aƙalla ba Kantoma ne zai ziyarce su ba. Kina da salla biyar a yini, ba su ishe ki natsuwa ba, sai kin ƙaro ta shida marar alwala marar alƙibla, daga hannun mai rabon maganin tsutsa?

Ciwonki ba ciwo ba ne, ƙuruciya ce. Kina zaton ke kaɗai ce da zanen aro? Bikin ne gaba ɗaya aro. Kantoman da kike tsoro harbi aka koya masa, yau shi ke yanke hukuncin kwalbati da rumfunan kasuwa, kuma ban ji an ce yana rufe ido yana kiran sunan shakkarsa ba.

Ga tsarin da Sada ya ɓoye miki don ya ga faɗuwarki. Mu muna ce masa adashin benci. Kowace makaranta da ke kan hanyar baƙo za ta kawo 'yan bencin da take da su, a haɗa wuri guda, sai su cika makaranta ɗaya tsaf. A jera su a ta farko. Baƙo ya gani, ya yaba. Daga nan a tsare shi da waƙar yara da jawabin mai unguwa da ƙwaryar fura, a bayan azuzuwa kuwa ana loda benci a motar rake, ta yanke ta fadama ta riga shi isa ta biyu. Haka har a gama zagaye, kowa ya kwashi rabonsa. Tun zamanin En'e ake yi. Lokacin da nake aiki akwai bencin da muka saba da shi har nakan gaishe shi, in tambaye shi ya gajiyar hanya.

Na riga na yi magana da Ɗan'azumi direba. Ke ce ta uku a layi. Ki ba shi naki bencin ranar jajibiri, ki shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, ki sa yara masu takalmi a sahun gaba. In an sauke kaya an jera, sai ki yi numfashi iya son ranki.

Allah ya shirye ki.

Yayanki,
Uwaisu.

*

Ikara,
Fabrairu, 1985.

Sabuwa,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ki ci doguwa ba. Ɗan'azumi ya same ni a gindin dalbejiya a gaban mutane, ya ce kin mayar da shi da mota wayam, kin kuma ce a gaishe ni. Na amsa.

Kantoman nan da zai zo ya sa ma'aikatan sakatariya tsallen kwaɗo don sun makara, cikinsu har da mai furfura. Shi za ki nuna wa yara a kan buhun taki? In ya daka miki tsawa sai ki ce masa, "Dakata, ranka ya daɗe, ga tsoro ya zo." Na sa sababbin batura a rediyo don kada in rasa jin sunanki. Kada ki damu, akwai wuri kusa da ni a gindin dalbejiya, iskar wurin kuma kyauta ce.

Uwaisu.

*

Unguwar Maiwada,
Fabrairu, 1985.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata baturan ba su ƙare a banza ba.

Bari in fara da dalilina, tun da ba ka tambaya ba. Washegarin zuwan takardarka na zauna kamar kullum, tsoro ya zo da maganarsa ta kullum, wai za a gano ni. Wannan karon ban gudu ba, na tsaya na dube shi. A gano me? Ban roƙi kujera ba, ban ƙara wa takardata komai ba, ban ɓoye cewa sau biyu na zauna jarrabawa ba. Sai na ga babu abin ganowa. In na karɓi motar Ɗan'azumi, ranar ce za a fara samunsa. Salla kuwa, Yaya, sai yanzu nake yin ta ina wurin. Da can jikina ne a kan darduma, hankalina na bakin titi yana jiran babur.

Ranar ziyara mun jira har azahar. Malam Sada ya sa babbar riga ya tsaya kusa da ƙofar ofis, yadda in an ce a ba wani makulli ba sai an yi nisa ba. Abin da ya tsayar da baƙon sai daga baya muka ji a bakin direbansa. A makarantar farko ya zauna a bencin gaba don ya ji karatun yara, ƙusa ta kama wandonsa ta baya, ta yage shi har ta taɓa nama. Ya haɗiye zafin. Da ya isa ta biyu, kafin ya zauna sai ya shafa bencin gaba da hannu. Ga ƙusa, ga zaren kakinsa a jikinta. Ka san sauran. Hedimastoci biyu sun zagaya fili da bencin a ka, yara na kallo, sojoji kuma suka bi sawun taya suka tare motar a fadama.

A haka ya iso mana, soja ɗaya na manne da bayansa yana kare yagar. Ya leƙa aji ya ga yara a ƙasa.

"Ina hedimasta?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ke? Wa ya naɗa ki?"

Yaya, tambayar da na yi watanni ina jira ke nan. Na ji Malam Sada ya gyara murya a bayana. Ban rufe ido ba, kada ka ji daɗi. Na dai ji iska ta shiga, na ji ta fita, na ce a raina ga shi ya zo. Sannan na ce, "Ofishinku, ranka ya daɗe."

"Naki bencin suna wace motar?"

"Ba su hau mota ba. Ga su can a aji shida, su ke nan gare mu. Sauran yara buhu suke kawowa daga gida."

Sai ya ce in nuna masa sauran. Na nuna masa kwanon da iska ta yaye, da allon da ya tsage, da ajin da muke karatu a gindin mangwaro. Bai yaba ba, sai dai ya ce, "Rubuta," ga wani mai biro a bayansa. Da zai tafi ya tambaya ko akwai asibiti a kusa. Bandejin Judith ya samu aiki, ta kuma ce hannunta bai yi rawa ba.

Ba a aiko da benci ba, ban kuma sa rai ba. Har yanzu riƙo nake, har yanzu babur na faɗar mini da gaba. Amma washegari na shiga ofis na zauna a kujerar. Ashe ƙafarta ɗaya gajeriya ce, Malam Iliyasu bai taɓa faɗa ba. Na sa mata dutse.

Wani abu kuma. An ce da sojoji suka tambayi Ɗan'azumi wa ya tsara tafiyar, bai tsaya sauraron numfashinsa ba.

Allah ya kiyaye ka.

Ƙanwarka,
Sabuwa.

*

Ikara,
Maris, 1985.

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Ina gaisuwa. An kira ni sakatariya. Sun bar ni a baranda tun safe, ba wurin zama sai bencin da aka kama, na zauna a kan tsohon abokina. Da na duba na ga ba mai kallona, sai na gwada abin naku. Na ce ga tsoro ya zo. Ya ce ai tun jiya yana nan.

Ban ce ya yi aiki ba. Na dai ce da aka kira ni ƙafafuna sun ɗauke ni, bakina kuma bai yi rantsuwar ƙaryar da na shirya ba. Hukuncina shi ne in hau motar rake in mayar da kowane benci makarantarsa da kaina. Ƙusar na nan, wandona shaida ne.

Ni ne ban yi daidai ba. Za mu biyo ta wajenku ranar Alhamis, ki tambayar mini Judith ko dole sai an rufe ido. Kada Gwaggo ta ji.

Yayanki,
Uwaisu.