Awa Goma Sha Ɗaya a Wayar Jemimah

Jimeta, 6 ga Fabrairu

Adda Hamsatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar Gogo? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in ba ki labarin makarantarmu. To, mun yi baƙo. Wani Dakta Nu'uman ne, turarensa na riga shi shiga ofis, wai ya zo auna yadda intanet ta cinye 'yan sakandare. Ya sa ɗalibai suka kawo wayoyinsu daga gida, ya duba awannin da kowace ta nuna. Ko sunan mutum ɗaya bai tambaya ba, lamba ya ba su kamar buhunan masara.

Lamba arba'in da biyu ta fi kowa, awa goma sha ɗaya a rana. Jemimah ce, 'yar ajina, wadda suka gudo daga Michika tana ƙarama suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Damare. Bakin Dakta har kunne. Firinsifal ɗinmu kuwa, kin san ta da baƙo mai mota, nan take ta yarda a kulle wayar wata guda, wai magani.

Na gaya musu gida tara ke amfani da wayar nan. Da safe matan suna duba hotunan waɗanda aka ceto daga daji, da yamma Jemimah ta karanta musu sunaye. Kuma layin mahaifiyarta ne tun na Michika, shi kaɗai yayanta Boaz ya haddace kafin 'yan bindiga su tafi da shi daji. Dakta ya ce takardarsa ba ta da gurbin wannan. Yarinyar ta roƙi a ba ta layin kawai, ya ce za ta ɓata masa bincike. Ilimi ke nan, Adda. Ni kuma tsoron takardar gargaɗi ya sa na karɓi wayar da hannuna.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Zuhra

Jimeta, 9 ga Maris

Adda,

Ina gaisuwa, ya jikin Gogo? Ni lafiya ta, amma raina a ɓace yake.

Ashe a satin farko wayar ta yi kwana biyu tana ƙara a durowa, firinsifal ta kashe ta don tana damun ta. Da aka kunna shekaranjiya, sai ga saƙo: Boaz ne, ya kuɓuto, yana tashar Mubi, ya ari wayar wani direba. Mun kira direban. Ya ce saurayin ya kira ya fi sau ashirin, daga baya ya ce ashe nasa sun mutu, ya hau wata mota. Bai san inda ya nufa ba. Uwar tana can Mubi tana bin tasha da hotonsa na shekara tara da suka wuce.

Jiya Dakta ya dawo da rahotonsa mai ƙyalƙyali. Lamba arba'in da biyu ta sauko daga awa goma sha ɗaya zuwa sifili, babbar nasara. Aka tara ɗalibai, aka tafa, aka miƙo min takardar yabo in ba ta. Ta karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, ta yi min godiya. Na raina Dakta, na raina firinsifal, amma ba kamar yadda na raina kaina a wurin nan ba.

Ki sa Boaz a addu'a. Ki gaida Gogo, amma kada ki gaya mata ni na karɓi wayar.

Taki,
Zuhra