Maskin da Ba a Auna Ba

Ashland, 9 ga Yuli, 1989

Zuwa ga Yaya Reino,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Darlene da yara. Yaya zafin Wausau? Mu nan lafiya lau. Mijina Gordy yana gaishe ka, ya ce in faɗa maka babu ruwansa da abin da ke cikin takardar nan. Tsoro ne kawai, don shi ya miƙo mini biro.

Na rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Da na fara magana sai ka kwashe da dariya, ka ce "Auta ke nan," ka miƙa wa Darlene. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Ka san dokar da Baba ya bar mana: wanda ya kama kifi mafi tsawo a tafiyar kamun kifi da muke yi duk lokacin kaka, shi zai zaɓi tafkin da za a je baɗi. Shekara ashirin da biyu ina shiga kwale-kwalen nan, ban taɓa zaɓa ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Bara a Tafkin Sorley kwana huɗu na yi ina wurga kifin katakon nan mai ƙugiyoyi da ake yaudarar kifi da shi, mai nauyin guduma, har kafaɗata ta daina jin magana. Ran na biyar maski, ƙaton kifin nan mai wuyar kamu, ya biyo shi har gefen kwale-kwale. Na tsoma bakin sandar kamun kifi a ruwa ina zana lamba takwas da kifin katakon, a zagaye na uku ya cafke. Kai ka riƙe koma, da idonka ka ga jelarsa ta yi waje. Sai ka ce yana zubar da jini, ka sa filaya ka datse ƙugiyoyin, ka sake shi, ko a kan katakon awo bai kwanta ba. Ban ji haushi ba, don ni ma ba na son ya mutu. Kai da bakinka ka ce, "Auta, wannan ya haura inci arba'in da biyar. Baɗi zaɓi naki ne."

Yanzu bayan wata tara ka tuna wai kifin da ba a auna ba ba kifi ba ne, don haka kifinka fayik mai inci talatin da shida shi ne kan gaba, kuma Tafkin Bekken za a je. Bekken! Kududdufin ciyawa, inda mutum zai rataya ƙaramin kifi a ƙugiya ya zauna yana gyangyaɗi har wani siririn fayik, duk ƙaya, ya zo ya haɗiye. Kai da kake cewa gara ka yi mako ba ka ga ko inuwar maski ba da ka cika bokiti da fayik. Wa ka mayar yarinya? Kifi na ganinka, mai jar koma. Ba ka iya jure a ce ƙanwarka ta kayar da kai, shi ke nan.

Sorley za mu, ko kuma ku tafi ba ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da wasa nake ba.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Ilona

Ashland, 24 ga Yuli, 1989

Yaya Reino,

Gaisuwa da fatan alheri. Da na saba tambayar lafiyarka don cika al'ada, yau kuwa da gaske nake tambaya, kuma ba "lafiya lau" nake son ji ba.

Mako biyu ba ka amsa ba, sai na kira Darlene a wurin aikinta don in kai ƙararka. Ina cikin zuba sai na ji tana kuka. Ta ce, "Ilona, don Allah ki daina, mutumin nan zuciyarsa ce." Ashe tun watan Afrilu ka yanke jiki ka faɗi a gareji. Ashe likita ya hana ka ɗaukar abu mai nauyi, balle wuni kana wurga kifin katako, balle a kinkimi kwale-kwale a gangara da shi ta hanyar dajin Sorley, inda asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awa ɗaya da rabi. Bekken kuwa mota na kaiwa har bakin ruwa, ga asibiti a gari.

Kada ka zaci na huce, yanzu ma na fi jin haushi. Kana da ƙanwa guda ɗaya tak a duniya, amma ka zaɓi ka zama macuci a idona da ka ce mini "Auta, ba ni da lafiya." Ka gwammace ka ƙwace mini kifina. Ka bar ni na zauna na zazzaga maka rashin mutunci a takarda, kai kuma ka karanta da ƙwayoyin magani a aljihunka, ka yi shiru. Ka san yadda na ji da na tuna abin da na rubuta? Halin Baba ne sak, shi ma sai da aka ɗauke shi ranga-ranga muka san yana ciwo. A lokacin kai ka fi kowa zaginsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina son ka rubuto mini da hannunka abin da likita ya ce, ba ragi. Ina kuma son ka janye maganar awon nan, don maskina ya fi fayik ɗinka, kuma ciwon zuciya bai rage masa ko inci ɗaya ba.

Kada ka yi wa Darlene faɗa. Idan na ji ka ɗaga mata murya, zan tuƙo mota in zo.

Ƙanwarka,
Ilona

Ashland, 5 ga Agusta, 1989

Yayana Reino,

Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Ranar Lahadi na sa an yi maka addu'a a coci, kuma ban ɓoye sunanka ba, sai ka yi ta fushi.

Takardarka ta iso. Layi shida, huɗu a kan likita, biyu a kan kifi. Na karanta inda ka ce aikin tiyatar sai watan Nuwamba, kuma likita bai yi maka alkawarin komai ba. Na karanta inda ka ce, "Kifinki ya yi nasara, zaɓi naki ne, ko Sorley kika ce zan zo." Na san kuma za ka zo ɗin, don taurin kanka ya kai. Za ka kama gefen kwale-kwale ka ce a ɗaga, fuskarka ta yi fari fat, ka ce kofi ne bai zauna maka ba.

Jiya na fito da akwatin kayan maskina, na wasa ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, Gordy na kallona. Da na gama sai na rufe, na ce ya mayar da shi saman rumfa. Na buga waya Bekken, na kama mana ɗakin katakon da ke bakin ruwa, mako na farko na Oktoba. Za ka zauna a tsakiyar kwale-kwale da bargo, ba za ka taɓa inji ba, ba za ka ja igiyar anka ba. Fayik ɗin da muka kama ni zan cire musu ƙaya, kuma gasawa za a yi, ba suya ba.

Idan wani ya tambaya, ka ce Ilona ce ta zaɓi Bekken. Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan rana, ka tashi ka miƙo mini ita a shekarar da babu abin zaɓa. Wannan ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba sai ka fito daga ɗakin aikin nan da ƙafarka ka ba ni haƙuri.

Ka sha maganinka. Ka gaida Darlene da yara.

Taka har kullum,
Auta